Allurar Sinawa da ciwon asma: Jin sauƙi ko samun sauƙi?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya lulluɓe duwatsun Birnin Kudu, masu fama da ciwon asma a kudancin jihar Jigawa sun san cewa watannin wahala sun kama.

A daidai lokacin ne ake sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi na tashi, sanyi kuma na tilasta wa jama'a toshe tagogi su hura wuta a ɗaka domin jin ɗumi. Ƙura a waje, hayaƙi a ciki. Ga mai lafiya abin bai wuce mura da kaushi ba, amma mai asma yakan kwana a zaune, ƙirji na shewa, numfashi na fita da ƙyar.

A shekarun baya-bayan nan wata matsalar ta ƙaru. A watan Agustan 2023 kamfanin GlaxoSmithKline, mai yin maganin shaƙa na Ventolin da Seretide, ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya. Hakan ya zo daidai da faɗuwar darajar naira, kuma cikin 'yan watanni farashin inhela ya ninka sau da dama a shagunan magani.

Duk inda magani ya yi tsada, kasuwar masu cewa suna da madadinsa takan buɗe. Daga cikin abubuwan da ake tallatawa a shafukan Facebook da WhatsApp da TikTok akwai hanyar jinyar nan ta gargajiyar ƙasar Sin ta caccaka siraran allurai a jiki, wadda ake kira akufanca. Masu tallar kan ce tana ƙarfafa garkuwar jiki, tana tumɓuke asma daga tushe, sannan ba ta da wata illa tun da ba a shan komai.

Wannan allura dai ba ta zama ruwan dare a Birnin Kudu ko Gwaram ba. A manyan birane irin su Abuja da Legas da Kano ake samun masu yin ta, sau da yawa a cibiyoyin da ke haɗa ta da hijama. To amma abin da ya shiga Kano ba ya daɗewa bai iso Jigawa ba, kuma zai tarar da al'ummar da tun kaka da kakanni ta yi amanna da cewa ana fitar da cuta ta hanyar huda fata: ga ƙaho, ga tsaga, ga sakiya. Don haka ya dace a san abin da masu bincike suka gano game da waɗancan iƙirari, domin kowane ɗaya daga cikinsu an gwada shi.

Allurar da ba ruwan magani

Da farko dai, kalmar allura na iya rikitar da mai karatu. Wannan ba irin ta asibiti ba ce mai rami wadda ake ɗura ruwan magani da ita. Siririn ƙarfe ne da bai fi silin gashi kauri sosai ba, ana soka shi a wasu wurare na jiki, a bar shi na minti ashirin zuwa talatin, a zare. Wani lokaci ana murza shi da yatsu, wani lokaci kuma a haɗa shi da 'yar wutar lantarki.

Sinawa sun shafe fiye da shekara dubu biyu suna yin ta, bisa fahimtar cewa akwai wani ƙarfi da ke gudana a jiki ta wasu hanyoyi, wanda toshewarsa ke kawo cuta. Masana tsarin jikin ɗan Adam ba su ga waɗannan hanyoyi ba, ko da yake a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitaccen bayani kan wurare 361 da ake sokawa, domin masu bincike su riƙa magana da harshe ɗaya.

Ƙasashen yamma sun waiwayi lamarin ne a 1971, bayan da ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya ba da labarin yadda aka yi masa allurar a birnin Bejin domin rage masa ciwo bayan tiyata. A ƙasar Hausa kuwa, ta Nijar aka fi saninta, inda ƙasar Sin ta fara aika tawagogin likitoci tun 1976, cikinsu har da masu wannan sana'a.

Gwajin birnin Boston

Binciken da ya fi dacewa kowane mai asma ya san da shi an wallafa shi ne a 2011 a mujallar New England Journal of Medicine, kuma likitocin jami'ar Harvard da ke Amurka ne suka gudanar da shi ƙarƙashin jagorancin Dokta Michael Wechsler.

Sun ɗauki masu asma 46, inda 39 suka kammala. Kowane mutum ya zo asibiti sau goma sha biyu, kuma a kowane zuwa ana yi masa ɗaya daga cikin abubuwa huɗu. Wata rana a ba shi inhela ta gaskiya mai maganin salbutamol, wato irin wanda ke cikin Ventolin. Wata rana a ba shi inhela fanko wadda ba magani a cikinta, ba tare da ya sani ba. Wata rana a yi masa allurar gangan, da wata allura da aka ƙera ta yadda za ta taɓa fata ta koma cikin mariƙinta, mutum ya zaci ta shige. Wata rana kuma a bar shi zaune kawai, ba a yi masa komai ba.

Bayan kowane gwaji ana auna abu biyu. Ana tambayar mutum yadda yake ji, sannan a sa ya hura iska da iyakar ƙarfinsa cikin na'urar da ke auna yawan iskar da huhu ke iya fitarwa a daƙiƙa ɗaya.

Da aka tambayi majinyatan, sai suka ce inhelar gaskiya ta ba su sauƙi da kashi 50 cikin ɗari, inhela fanko kashi 45, allurar gangan kashi 46, zaman banza kuma kashi 21. Wato a bakin masu ciwon, allurar da ko fata ba ta huda ba ta yi kunnen doki da maganin gaskiya.

Na'urar kuwa wani labarin daban ta bayar. Inhelar gaskiya ta ƙara yawan iskar da kashi 20 cikin ɗari. Sauran ukun, har da zaman banza, kowanne kimanin kashi 7 ne kawai.

Bai kamata a yi wa waɗannan majinyata kallon maƙaryata ba. Sauƙin da suka ce sun ji, sun ji shi. Kulawar mai magani, da natsuwar da ke zuwa idan an ga ana yin wani abu, da kyakkyawan zato, duk suna rage tsoro da ƙuncin da ke tattare da sarƙewar numfashi. Sai dai hanyoyin iskar da ke cikin huhu ba su san da wannan ba, suna nan a tsuke yadda suke.

A ciwon baya ko na gwiwa, wannan bambanci ba shi da hatsari sosai, domin jin ciwon shi ne matsalar, idan ya ragu an ci riba. Shi ya sa bayan manyan gwaje-gwajen da aka yi a Jamus, inshorar lafiya ta ƙasar ta amince ta riƙa biyan kuɗin allurar ga masu daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa, duk da cewa a gwajin ciwon baya da aka wallafa a 2007, mai mutum 1,162, allurar gaskiya ta taimaki kashi 47.6, ta gangan kuma kashi 44.2. Ba ta amince da biyan ta asma ba.

Asma ba haka take ba. Cuta ce ta kumburin bangon hanyoyin iska, wanda ke nan ko da a ranakun da mutum ke jin garau, kuma jin ƙuncin numfashi shi ne ƙararrawar da ke sa mutum ya nemi magani. Duk abin da zai kashe ƙararrawar ya bar wutar na ci, to yana iya jinkirta tafiya asibiti. A ƙauyen da ke da nisa da kwalta, inda sai an nemo mai babur cikin dare kafin a kai mutum babban asibitin Gwaram ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, jinkirin awa biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Masu goyon bayan allurar na da amsa, kuma amsar tasu na da ma'ana: gwajin na Boston allurar gangan ya auna, bai auna ta gaskiya ba. Haka ne. To amma da masana na ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tace binciken likitanci, suka tattara gwaje-gwajen da suka kwatanta allurar gaskiya da ta gangan a kan masu asma, sun tarar duka-duka mutanen ba su kai 400 ba, kuma ba su ga hujjar da za ta sa a ba da shawarar yin ta ba. Wani babban bincike da aka yi daga baya a Jamus, mai mutane sama da 1,400, ya nuna waɗanda aka ƙara wa allura a kan maganinsu sun ce rayuwarsu ta inganta, sai dai babu allurar gangan a cikinsa, don haka ya koma kan tambayar da Boston ta riga ta tayar.

Inda hujjar ta ɗan fi ƙarfi shi ne a kan atishawa da toshewar hanci da ke zuwa da sauyin yanayi. A 2013 masu bincike a asibitin Charité da ke Balin sun gwada mutum 422, suka ga allurar gaskiya ta ɗan ɗara ta gangan, ta kuma rage yawan ƙwayar da ake sha. Su da kansu suka ce tazarar ƙarama ce, ba lallai ta zama mai muhimmanci ga majinyaci ba.

Akwai kuma wani abin lura ga mai karanta sakamakon bincike a intanet. A 1998 wasu masana a Birtaniya sun duba daga ina gwaje-gwajen allurar ke fitowa, suka tarar duk waɗanda aka yi a Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan, cikin waɗanda suka duba, sun ce allurar ta yi aiki. Babu maganin da ke cin kowane gwaji a duniya. Abin da hakan ke nunawa shi ne, gwajin da bai yi daɗi ba a aljihun tebur yake ƙarewa.

Darasi daga ɓeraye

Batun garkuwar jiki shi ne inda masu talla suka fi samun abin kamawa, domin a nan akwai binciken kimiyya na gaske, mai ban sha'awa kuma.

Tun a farkon shekarun 2000 likitan nan na Amurka Kevin Tracey ya nuna cewa ƙwaƙwalwa na iya rage kumburi a jiki ta hanyar wata doguwar jijiyar saƙo da ta taso daga kai ta ratsa wuya da ƙirji zuwa ciki, wadda likitoci ke kira bagus. A 2014 wani ayari a jami'ar Rutgers ya wallafa a mujallar Nature Medicine cewa allura mai lantarki a ƙafar ɓera na tayar da wannan jijiya, ita kuma ta sa wani ɗan ƙullutu da ke kan ƙoda ya saki sinadarin dofamin, wanda ya ceci wasu daga cikin ɓerayen da guba ta shiga jininsu.

Farfesa Qiufu Ma, wanda a lokacin yake jami'ar Harvard, ya zurfafa aikin. A 2021 ayarinsa ya bayyana a mujallar Nature ainihin rukunin jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon, ya kuma nuna cewa suna da yawa a can cikin naman ƙafar baya, amma babu su sosai a ciki. Wannan ya ba da dalili na zahiri da ya sa soka wani wuri zai iya bambanta da soka wani.

Sai dai wannan ayari ya gano wani abin da ba a cika faɗa ba. A binciken da ya wallafa a 2020, lantarki mai ƙarfi a cikin ɓera ya kare shi idan an yi kafin gubar ta shiga, amma da aka yi bayan ta shiga, sai kumburin ya ƙaru. Hanya ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ne kawai ya bambanta.

Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma allurar da aka yi masa mai lantarki ce da aka auna ƙarfinta, yana cikin maganin barci. Sannan kumburin da ke biyo bayan gubar jini daban yake da na asma, wanda galibi ke tasowa daga wasu ƙwayoyin jini da ke zabura idan an shaƙi ƙura ko ƙaiƙayi ko hayaƙi. Ita ma jijiyar bagus ɗin, ita ce dai ke ba da umarnin tsuke hanyoyin iska a huhu, har akwai maganin asma da aikinsa shi ne toshe wannan umarni nata.

An yi ƙananan gwaje-gwaje a kan mutane, kamar wanda aka wallafa a 2000 daga Heidelberg a Jamus mai masu asma 30, inda aka ga wasu ƙwayoyin jini da sinadaran garkuwa sun sauya bayan allura. Amma sauyin lamba a takardar gwajin jini ba shi ne raguwar kwanciya asibiti ba.

Ita kanta maganar ƙarfafa garkuwar jiki, a kan asma, kuskuren fahimta ce. Garkuwar mai asma ba rauni ta yi ba, zaƙewa ta yi, tana yaƙar abin da ba abokin gaba ba. Maganin da aka tabbatar yana kwantar da ita shi ne inhela mai sitiroyid da ake shaƙa a kai a kai, kuma tun 2019 ƙwararrun da ke tsara ƙa'idar jinyar asma ta duniya suka daina ba da shawarar dogaro da inhelar buɗe ƙirji ita kaɗai ga manya da matasa.

Hannun wa, kuma allurar wa?

A kan batun illa, sakamakon binciken na da daɗin ji, amma da sharaɗi.

A 2009 Farfesa Claudia Witt da abokan aikinta sun wallafa bayanan mutum 229,230 da aka yi wa allurar a Jamus, a zama fiye da miliyan biyu. Kashi 8.6 cikin ɗari sun ce sun ga wata illa, mafi yawa ɗan zubar jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata. Mutum biyu ne allura ta huda wa huhu, kuma babu wanda ya mutu. A Birtaniya ma, bincike biyu da mujallar BMJ ta wallafa a 2001, kowanne mai zama sama da 30,000, ba su ci karo da wata illa mai barazana ga rai ba.

Sharaɗin shi ne, a Jamus likitoci ne da suka san tsarin jiki suka yi aikin, da allurar da ake buɗewa daga leda a jefar bayan amfani ɗaya.

Inda aka rasa waɗannan biyun, labarin kan sauya. A 2010 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa nazarin rahotannin da aka rubuta da Sinanci cikin shekara talatin, inda aka samu mutum 479 da allurar ta yi wa lahani, 14 daga ciki suka mutu. Hudar huhu ce ta fi yawa cikin raunukan, kuma marubutan sun ɗora akasarin laifin a kan rashin iya aiki.

Wannan ya shafi mai asma kai tsaye, domin wuraren da aka saba sokawa saboda ciwon ƙirji suna kan gadon baya ne da kafaɗa da ƙirjin kansa. A jikin siririn mutum, tazarar fata da huhu a waɗannan wurare ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. Idan aka huda, iska kan taru tsakanin huhu da haƙarƙari ta danne huhun, kuma alamomin, wato sarƙewar numfashi da ciwon ƙirji, sun yi kama da tashin asmar kanta. Mutum na iya ta shaƙar inhela yana jiran sauƙi, alhali abin da yake buƙata shi ne hoton ƙirji da likitan da zai zuƙe iskar.

Hatsari na biyu shi ne wanda ya fi kusa da gida. A 1977 an samu ɓarkewar ciwon hanta nau'in B a birnin Birmingham na Ingila daga wurin mai allura guda, inda mutane fiye da talatin suka kamu. An sake ganin irin haka a 1984 a jihar Rhode Island ta Amurka, inda 35 daga cikin mutum 366 suka kamu. Waɗannan ƙasashe ne da cutar ba ta da yawa a cikinsu.

A Najeriya kuwa, babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar cutar, akasari ba tare da sun sani ba. Wato cikin kowane mutum goma sha biyu ko goma sha uku da suka zauna a gaban mai allura ko mai aska, akwai yiwuwar ɗaya na da ita. Ƙwayar na iya rayuwa mako guda a busasshen jini a kan ƙarfe, ta kuma fi ta ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba. Sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran jarirai a ƙasar, don haka mafi yawan magidanta ba su da kariya. Goge ƙarfe da tsumma ko tsoma shi a ruwan ɗumi ba ya kashe ta.

Zabirar wanzami

A nan ne binciken da aka yi a Balin da Boston ya haɗu da rayuwar kudancin Jigawa, ko da allurar Sinawa ba ta taɓa zuwa ba.

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Birnin Kudu na da mutane sama da 300,000, Gwaram kuma kimanin 270,000, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Akasarinsu a karkara suke, inda wanzami ya fi likita kusa, ya fi shi araha, ya kuma san sunan kowa a gida. Shi ke aski ran suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, kuma a gidaje da yawa shi ake kira ya cire beli idan yaro na tari ko numfashinsa na gurnani, ko ya yi tsaga a ƙirji ko a haƙarƙari.

Ba raini ba ne a ce tambayoyin da aka yi wa allurar Sinawa su ne ya kamata a yi wa zabirar wanzami, hasali ma girmamawa ce, domin abin da aka ɗauka da muhimmanci shi ake aunawa. An ɗan taɓa yin hakan. Wani bincike da aka wallafa a 1994 daga birnin Yamai ya gano cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar an cire masa beli kafin ya kai shekara biyar, kuma ana kwantar da wasu a asibiti saboda zubar jini ko shigar ƙwayoyin cuta bayan aikin. Belin kuwa a maƙogwaro yake, asma da ciwon sanyin haƙarƙari kuma a can cikin huhu, inda aska ba ta kaiwa.

Akwai ma ruɗanin suna. Wasu na kiran asma fuka, wanda ke sa a rikita ta da tarin fuka, alhali wannan cuta ce mai yaɗuwa da ake warkewa da maganin wata shida kyauta a asibitocin gwamnati, waccan kuma ba ta yaɗuwa, ba a kuma warkewa daga ita gaba ɗaya, sarrafa ta ake yi. Duk wanda ya jinkirta gwajin majina saboda an ce masa asma ce za a cire da allura ko ƙaho, iyalinsa ma na cikin hatsari.

Batun ƙaho na da matsayi na daban a wurin Musulmi, tun da ya zo a ingantattun hadisai, kuma shi ya sa cibiyoyin hijama ke ƙaruwa a birane. To amma allurar Sinawa ba hijama ba ce, tushenta daban ne, kuma haɗa su a allon talla ɗaya ba ya ba ta darajar da ba tata ba. Ita kanta hijamar, a Saudiyya sai da lasisi da horo ake yin ta, da kayan da ake jefarwa bayan amfani ɗaya. Babu malamin da ya ce sunna ce a yi wa mutum biyu ƙaho da aska ɗaya.

Doka a takarda

A Najeriya, dokar soja mai lamba 78 ta 1992 ta sa masu wannan allura ƙarƙashin kulawar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, wato mai yin ta na buƙatar rajista. A 2018 kuma ma'aikatar lafiya ta tarayya ta buɗe sashe na musamman kan magungunan gargajiya da makamantansu. Hukumar NAFDAC na duba abin da ke cikin kwalba da leda, amma ba ita ke duba hannun mai sokawa ba.

Tsakanin waɗannan ofisoshi na Abuja da kasuwar ƙauye akwai tafiya mai nisa. Ana sayar da alluran a intanet, kuma kwas na 'yan kwanaki ya isa mutum ya buga takardar shaida ya rataya a bango. Masu lura da harkar lafiya na ganin cewa a irin wannan yanayi, hukumomin lafiya na jiha da masarautar Dutse, ta hannun hakimai da sarakunan aska, su ne ke da ikon da zai yi tasiri, kamar yadda aka gani a lokacin yaƙi da cutar shan inna.

Girman matsalar asma kaɗai ya isa dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da ita a 2019, kuma ta kashe 455,000 a shekarar, mafi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a wannan shekara, wanda ya shafi mutane sama da 20,000 a biranen Najeriya biyar, ya ƙiyasta masu cutar a ƙasar da kimanin miliyan 13. A birane aka yi shi, ba a ƙauyukan da ake girki da kara da itace a rufaffen madafi ba.

Abin da gwajin Boston ya yi amfani da shi wajen raba jin sauƙi da samun sauƙi na da ƙaramin ɗan'uwa, wani bututun roba mai ma'auni a jiki wanda ake hurawa, ba ya buƙatar lantarki ko batir, kuma ma'aikacin ƙaramin asibiti na iya koyon aiki da shi cikin yini ɗaya. Da shi mai asma a Gwaram zai iya hurawa kafin a yi masa ƙaho ko allura, ya sake hurawa bayan an gama, ya rubuta lambobin biyu. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wadda likitocinta suka saba wallafa bincike kan lafiyar mata da yara a yankin, na da damar tattara irin waɗannan lambobi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tare da tambayar duk wanda aka kawo numfashinsa a sarƙe me aka fara yi masa a gida, da kuma awa nawa hakan ya ci kafin a taso.